Motar Malam Mati Ta Sake Mutuwa

Wannan karon a gangaren gada ta mutu, auduga danƙare a bayanta, rana tsaka. Jibo direba ya sauko ya buɗe bonet, ya tsaya yana kallon injin yadda ake kallon ɗan'uwan da ya saba jawo wa dangi abin kunya.

A-kori-kura ce mai launin tsohon kwano. Malam Mati, babban manomin auduga na Dayi, ya saye ta a Funtuwa shekarar da aka samu 'yancin kai, a hannun wani Kwara, Balaraben ɗan kasuwa, da ya rantse motar ba ta taɓa kwana a gareji ba. Gaskiya ya faɗa. A bakin hanya take kwana.

Jibo ba ƙaramin direba ba ne. Ya yi shekaru yana jan babbar mota tsakanin Gusau da Zariya, ko kaza bai taɓa takawa ba. Ya karɓi aikin Malam Mati yana zaton hutu ya samu. Kafin damina ta faɗi, 'yan tashar Malumfashi sun raɗa masa suna Kashe-Mota.

Yau lagireto, gobe fulogi, jibi kafireta. Aka sauya kuloci, sai birki ya ce shi ma ɗa ne. Abu guda da bai taɓa lalacewa ba shi ne oda, ita ma don a riƙa sanar da jama'a ana tafe da turi.

Abin da ya fi ƙona wa Jibo rai shi ne taurin kan maigidan. Ko a ƙofar garejin Funtuwa motar ta mutu, inda makanikai suka cika layi, sai Malam Mati ya ce a nemi babbar mota ta ja su har Malumfashi, bayan kasuwa, wurin Amos. Amos ɗin nan matashi ne da ya koyi aiki a wurin 'yan mishan, marar yawan magana, mai wushirya. Ya iya gyara ƙwarai. Shaida kuwa, motar ba ta taɓa fasa komowa wurinsa ba.

Da an iso, Amos zai ajiye sufana ya durƙusa har ƙasa ya yi gaisuwa. Malam Mati zai amsa yana kallon bishiya. Sai ya zauna a kan tabarmar da kullum ake samu a shimfiɗe ƙarƙashin ɗorawa, ya fara aikinsa na faɗa.

"Kai bakanike, hannun nan naka na gyara ne ko na ɓarna?"

"A yi haƙuri, Malam."

Liatu matar Amos za ta kawo tuwo daga cikin gida. Tsohon zai ce miyar ba gishiri, ya cinye, ya suɗe kwano. 'Yar ƙaramar ɗiyarsu za ta rarrafo ta kama masa gemu, ya ce yaran zamani ba tarbiyya, ya gyara mata zama a cinyarsa. Gyaran da bai kai a sha fura ba sai ya kai la'asar.

In Jibo ya kai kukansa ga mutanen Dayi, sai su dubi juna, su tambaye shi yadda farashin gyaɗa yake a Funtuwa.

Ranar gadar nan ce ta kai shi maƙura. Auduga ta rasa kasuwar ranar, 'yan tasha suka yi masa tafi da aka wuce da shi ana ja, kuma wani attajiri da ya yi masa alkawarin tuƙin sabuwar mota ya aiko cewa ya fasa, ba ya son mai farar ƙafa. Jibo ya ƙudura sai ya gano mai cin amanarsa. Zuciyarsa ta tsaya a kan Amos. Wane bakanike ne zai so saniyar tatsarsa ta warke?

Ya sa ido. Ranar kasuwar da ta biyo baya ya ce zai je ya karya kumallo, sai ya zagaya ya laɓe bayan rumbu. Can sai ga Malam Mati ya fito daga zaure. Ya duba gabas, ya duba yamma, ya naɗe hannun riga, ya ɗaga bonet kamar wanda ya saba. Ya ɗan taɓa wani abu, ya rufe, ya goge yatsunsa a gindin rumbu. Sannan ya ɗaga murya yana kiran Jibo, wai su yi sauri rana na yi.

Ba su yi nisa ba ta fara tari. Malam Mati ya yi tsaki, ya ce direbobin yanzu sai addu'a.

Da aka iso gareji, tsohon ya hau tabarmarsa, Jibo ya ja Amos bayan mota.

"Na zarge ka, ka yafe mini. Ashe shi ne. Da idona na gani. Tsohon nan ya zautu, ni kam yau na ajiye aiki."

Amos ya leƙa injin, ya mayar da wayar fulogi da yatsa ɗaya, ya yi murmushi.

"Waya kawai ya sassauta? Tsufa ya fara kama shi. Da har ƙarƙashinta yake shiga."

"Ka sani, ka yi shiru ana cin mutuncina a tasha?"

Amos ya rufe bonet. Ya dubi gindin ɗorawa, inda tsohon ke kushe miya yana ba yarinya loma a baki.

"Malam Jibo, ka yi haƙuri, ni zan je tasha in wanke ka. Tsohon nan mahaifina ne. Ranar da na bi 'yan mishan ya rantse a gaban duk mutanen Dayi ba zai sake taka ƙofar ɗansa ba. Bai ce komai a kan ƙofar bakanike ba."