Ramin Rinin Kadi da Rijiyar Marigayi

Hajiya Kadi mai rini ce a unguwar Wadata, kuma duk ruwan rinin da ta gama da shi, har da sodarsa, cikin wani rami take tuttula shi a bayan ɗaki. Kusa da ramin akwai rijiyar da mijinta ya gina sadaka kafin ya rasu. In an ɗauke ruwan pompo, duk mutanen layin a nan suke ɗiba suna yi masa addu'a. Wannan addu'ar ce take sanyaya mata rai.

Ƙanenta Mumuni, mai binciken ƙasa a jami'a, ya yi magana har bakinsa ya gaji. Ran nan ya haƙi ƙasar gidan, ya auna, ya dawo da ordinateri, wato kwamfuta, ya nuna mata wani tabo yana gangarowa a hoto.

"Yaya, ƙasar nan ba ta cinye dafin ba, ajiye shi ta yi. Da rani yana maƙale cikin yashi, duk damina ruwa ya ƙara tura shi ƙasa. Rijiyar ya nufa."

"Kai, Mumuni, ka ishe ni! Rami bushe ƙayau, kai kana ganin ruwa cikin telbijin? Ɗebo na rijiyar ka sha, garau yake."

Da ya matsa mata, sai ta sa aka cike ramin da yashi, ta koma zubawa a wani sabo can gefe. Wai ta huta da surutu! Ya ce a kwashe tsohuwar ƙasar, ta ce ba ta da lokacin wasan yara.

Damina biyu lafiya lau, har tana tsokanarsa: "Ina tabon naka, ko ya ɓata hanya?"

A ta uku guga ya fito da ruwa mai duhu da ɗaci. Kafin a farga, an kwantar da mutanen gidaje uku a gidan likita, har da maƙwabciyarta mai shayarwa. Ma'aikatan tsafta suka zo suka rufe rijiyar da siminti.

Kadi ta dafa murfin tana kuka. Masu wucewa da bokiti ba su ƙara ambaton marigayi ba, sunanta kawai suke kira da Allah wadai.

Jama'a, abin da muka zuba a ƙasa bai tafi ba, yana kan hanyarsa ta zuwa ruwan da muke sha. Mu nisanta dattin sana'a da rijiya, mu kuma saurari masana tun ruwan yana garau.