Jan Ɗigo a Ganyen Inabi

Da zafi ya ƙone gonakin Faransa, tsohuwa Odil ta kwaso kurangar inabin da kakanninta ke matsar giya daga 'ya'yanta zuwa tsaunin Mambila, wata 'yar yankin, Tasalla, ke kula mata da ita. Doka kuwa ta ce duk gonar da aka ga jan ɗigon cuta a ganyenta, wuta za a cinna mata.

Yau da safe Tasalla ta ga ɗigon. Na'urar hukuma mai shinshino cutar na shawagi bisa gonar, saura layi biyu ta iso.

"'Yata, lafiya?" in ji Odil.

"Lafiya lau, Inna. Koma inuwa."

Ta tsinke ganyen ta tauna, ta haɗiye. Na'urar ta wuce kurangar, sannan ta juyo a hankali, ta tsaya cak saitin bakinta. Tasalla ta ƙi ko ƙiftawa.