Rabin Fuskar da Ruwa Ya Ci

Ruwa ya ci rabin fuskar mutumin da ke cikin hoton. Wata budurwa ta ajiye shi kan teburin mai hoto a hankali, ta ce mahaifinta ne, ya rasu tun tana goye. Ta kama ɗakin kanta, tana so a gyara hoton, a ƙara masa girma, a sa a firam.

"Shi ke nan gare mu, Malam. Don Allah a lallaɓa shi."

Mai hoto ya ƙara jan hularsa zuwa gira. Ya ce ta dawo jibi. Ko ciniki bai tsaya yi ba, shi da ba a rabuwa da shi ta daɗi.

Ya san mutumin nan, ba sanin shanu ba. Ya san ranar da likita ya gaya masa yana ɗauke da ƙanjamau, a zamanin da babu abin da ke bin wannan magana sai haƙuri. Gwaji ya nuna matarsa da jaririyarsa lafiya lau. Sai ya haɗa jaka, ya ce ya tafi neman aiki, don kada unguwa ta ga ramarsa ta riƙa nuna 'yarsa da baki. Kuma mai hoto ne da kansa ya buga waya gidan maƙwabtansu, ya rufe bakin wayar da hankici, ya ce hatsarin mota ne, har an binne.

A lokacin mai hoto kwance yake a asibiti yana jiran tasa. An ce masa shekara guda, in ta yi yawa. Mutuwa ta ɗauki na gadon dama, ta ɗauki na gadon hagu, ta tsallake shi. Sai ga magani ya zo. Ƙwayoyin farko suka zuƙe masa kumatu, suka sauya masa kama, amma suka bar shi a tsaye.

Wasu murna suka yi. Shi kunya ce ta rufe shi, irin ta baƙon da ya yi ban kwana da kowa, aka raka shi tasha, mota ta ƙi tashi. Bai yi aboki ba, bai dasa ko barkono a gwangwani ba, har yau ba ya sayen takalmi mai ƙwari. A shekarar farko da ya iya zuwa ya warware maganar wayar nan. Yanzu, bayan shekara ashirin da wani abu, da wane ido?

Ya ɗora hoton a kwamfuta. Ƙa'idar aikin sananniya ce: ka kwafi gefen da ya tsira, ka juya shi, ka cike wanda ya lalace. Haka ya yi. Fuskar ta fito sumul, kamar ta ɗan talla. Hannunsa ya ƙi barin ta haka. Ya ɗan karkata hanci, ya rage kunne, ya ja wani siririn tabo da ya raba girar hagu biyu.

Da ta zo karɓa ta daɗe tana kallo, tana murmushi. Ya buɗe baki. Sai wayarsa ta yi ƙarar lokacin shan magani, ya kashe ta da sauri kamar an kama shi da sata. Ya ce ta gaida gida.

Washegari da hantsi ta dawo, wata dattijuwa na biye da ita, firam a hammata.

"Mama ce ke son ganin wanda ya yi aikin."

Dattijuwar ta ɗora yatsa kan gilashin. "Wannan tabon a gefen da ruwa ya ci yake. Yarinyar nan ba ta san da shi ba. Wa ya gaya maka?"

"Kintace ne, Hajiya," ya ce, idonsa a ƙasa.

Jin muryar, sai ta ɗago kai. Ta dube shi tun daga tsofaffin silifas har zuwa furfurar gemu, ba ta gaggauta ba. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

Ta miƙa hannu ta tura hularsa baya, siririn tabo ya bayyana a girarsa ta hagu. Sannan ta juya ga 'yarta, muryarta ba ta ko tashi ba.

"Gaida mahaifinki."