Maƙeri da Masaƙi a Shagon Mai Aski

Tun safe nake jin kina tsine wa masu shirin nan naku, ɗiyata, wai sun ɓata ƙarshensa. Zauna in ba ki misali.

A wata unguwa an yi maƙeri da masaƙi, katanga ɗaya ta raba gidajensu. Rigimar magudanar ruwa ta shiga tsakaninsu wata damina, suka yi shekara tara ko gaisuwa babu. Sai aka fara nuna wani shiri mai dogon zango a talabijin, duk Asabar bayan la'asar: labarin 'yar wani maharbi da ta hau bayan mikiya tana neman tulun ruwan sama da sarkin aljanu ya sace, ƙasarsu na ƙonewa da fari. Mai askin unguwar kaɗai ke da talabijin, kuma benci ɗaya ne a shagonsa. Dole maƙeri ya zauna a wannan baki, masaƙi a wancan, kowa ya kau da kai. Ran nan aka nuna takobin yarinyar kusa-kusa, maƙeri ya manta da kansa ya ce, "Wanda ya ƙera wannan ya san wuta." Masaƙi ya ce, "Kai dai dubi saƙar bargon da ta yafa." Maganar farko ke nan a shekara tara. Daga nan suka riƙa matsowa. Shirin kuwa gwanaye suka yi shi: ranar da kibiya ta sami mikiyar, mai aski ya ajiye aska, kan mutum rabi a aske, ba wanda ya yi motsi har shi mai kan. Shekara shida suna haka. In ɗaya bai da lafiya, ɗayan ya je har bakin gadonsa ya ba shi labarin abin da ya wuce, har da kwaikwayon muryar aljanu.

Da ranar ƙarshe ta zo, shago ya cika har titi. Kowa na jiran yaƙin da aka yi shekaru ana ɗokinsa. Yarinya ta isa fadar aljanu, sarkin ya miƙa mata tulu ba gardama, ruwa ya sauko, aka rubuta sunayen masu shiri. Ko takobi ba a zare ba. Maƙeri ya miƙe, ya ce an ci amanarsu, an maida su yara. Mako guda yana dukan ƙarfe yana zagin marubucin, har ya ce ina ma bai taɓa kallon shirin ba. Masaƙi ma abin ya ɓata masa rai, don a ganinsa an yi kyakkyawar saƙa an bar bakinta yana warwarewa. Amma da Asabar ta zagayo, yana wucewa ta shagon bayan la'asar, sai ya hango maƙeri zaune shi kaɗai, ya yi wanka ya sa hularsa ta fita, ya zuba wa talabijin a kashe ido. Masaƙi ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Maƙwabci, ƙarshen bai yi ba, na yarda. Amma mutumin da ya riƙe zukatanmu shekara shida, ya yi tuntuɓe rana ɗaya, ni ba zan iya zaginsa ba." Maƙeri ya share fuska da hannun riga, ya ce, "To yanzu ran Asabar ina za mu zauna?" Masaƙi ya kama hannunsa, ya kai shi zaurensa, ya shimfiɗa tabarma, suka ɗauko labarin tun daga farko.

Kin ga, ɗiyata, ba a yi wa abu marar daɗi irin fushin da kike yi. Kuskure sun yi shi, faɗi abinki. Amma rabin zafin nan na rabuwa ne, kuma ko yaya suka rufe shi sai kin ji ciwo. Hausawa sun riga sun gama magana: laifin daɗi ƙarewa.