Gida Mai Baƙin Get

"Nan ne gidanmu," ya ce, yana nuna wani dogon gida mai baƙin get.

Ƙarya ce. Unguwarsu tana can bayan kasuwa, inda ko babur sai da dabara yake shiga. Ruwan sama ne ya tsare shi a bakin makaranta, 'yar ajinsu ta sa direbansu ya rage masa hanya. Tun da ya zauna yake tura takalminsa mai ɗinki ƙarƙashin kujera.

"Ashe ɗan gata ne kai, kake wani noƙe-noƙe a aji," ta ce tana dariya.

Ya sauka, ya ɗaga mata hannu. Motar ba ta motsa ba.

"Ku tafi mana."

"Sai an buɗe maka. Ba ka ga ruwa ba?"

Ya tsaya, ruwa na gangara masa ta wuya, yana jin haushin kirkinta. Da ya rasa mafita, ya ƙwanƙwasa.

Maigadi ya leƙo. Ya dubi yaron, ya dubi motar, ya dubi yarinyar da ke murmushi ta gilashi. Sai ya wangale ƙofa, ya rusuna, ya karɓi jakarsa.

"Barka da dawowa, yallaɓai."

Motar ta wuce. Suka tsaya a ɗakin gadi, ba mai kallon wani. Da marinsa aka yi, da ya fi masa sauƙi.

"Baba..."

"Matse rigarka," in ji mahaifinsa. "Ka bi ta baya kafin masu gida su fito."