Maharbiya da Maƙeri a Gindi Ɗaya

Sa'adatu ta zo shagon Abdulmalik kafinta a unguwar Gyadi-Gyadi karɓar 'yar maharbiyar katako da ta ƙirƙira don sabon wasansu na labarin aljanu da mayaƙa. Sai ta tarar ya sassaƙa ta manne da ɗan maƙerin katako da shi ya ƙirƙira wa kansa a wasan, a gindi ɗaya.

"Abdul, ai a wasan kowa tafiyarsa daban."

"Na sani. Hannuna ne ya ƙi."

"Jibi fa zan koma karatu Zariya."

Ya miƙa mata zarto, bai ɗago ido ba. "To, ki raba su."

Ta daɗe tana shafa haƙoran zarton, sannan ta ajiye.

"Ka adana mini su haka," ta ce a hankali. "Kar kowa ya taɓa."