Murhun Asabar

Kai ka kashe ta, Fada, ba sanyi ba. Sauke hannunka, ba albarka na zo nema ba.

Shekara arba'in ina hura wa maƙwabciyata Bayahudiya murhu duk Asabar, don addininsu ya hana su kunna wuta ranar. Ko cewa in hura ba ta da izini. Sai dai ta leƙo ta katanga ta ce, "Tsohuwa, yau akwai sanyi." In ce, "Raguwa, Allah ya huta, kin huta, ni ce jakar gidan!" Mu yi dariya.

Sai ka tsaya a coci ka ce duk Kiristan da ya yi wa Bayahude aikin Asabar ba zai karɓi jibin Ubangiji ba. Ban yi karatu ba, na yarda.

Asabar ɗin nan dusar ƙanƙara ta kai gwiwa. Sau uku tana leƙowa: "Yau akwai sanyi." Na ce, "Akwai." Na shige ɗaki.

Da taurari suka fito, hutunsu ya ƙare, na jira hayaƙi a rufinta. Shiru. Na tarar da ita a kujera, ta sandare. Itace a jere, ashana a gefe, ƙofa a buɗe. Ni ta bar wa ƙofar a buɗe, don sakatar tana wahalar da yatsuna.

Na gaji, Fada. Gobe 'yarta za ta iso ta tambaye ni. Ɗauko rigarka, kai za ka ba ta amsa.